Wa Za a Fara Dubawa? Waiwaye Daga Zongon Lome

Duk wanda ya tashi a Zongon Lome ya san gaba da baya tun kafin ya iya ƙirga dala. Dattijo ake fara gaisarwa. Baƙon da ya sauko daga Arewa ake fara miƙa wa ruwa. A wurin ɗaurin aure ko raɗin suna, goron malamai daban, na masu gida daban, yara kuwa sai abin da ya saura a faranti. Ko a bakin famfo, wadda ta fara ajiye bokiti ita ke fara ɗiba, sai fa in tsohuwa ta iso a ɗaga mata ƙafa. Shekaru, daraja da riga zuwa, da waɗannan uku muke auna kowane layi, kuma sun riƙe mana zumunci fiye da shekara ɗari a bakin teku, nesa da Kano da Katsina da Sakkwato. Wuri ɗaya ne wannan ma'auni ya ba mu kunya: ƙofar sashen gaggawa na asibiti. A can tambaya ɗaya ce ke da amfani: cikin mutanen nan, wa zai rasa ransa in an bar shi minti goma?

Fatauci ne ya kawo kakanninmu Lome a ƙarshen ƙarni na 19. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa babbar kasuwar goro, fatake suka bazu zuwa Kete-Karachi da Kumasi da garuruwan gaɓar teku, Jamusawa kuma suka mai da Lome hedikwatar mulkinsu a 1897. A kan mai gida Zongo ya ginu, wato mutumin da ke saukar da baƙo, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya sayar masa da shanunsa ko goronsa, ya tsaya masa in rigima ta taso. Wani Bafaranshe mai nazarin zamantakewa, Michel Agier, ya zauna da mutanen Zongo ya rubuta littafi a kan wannan tsari, aka buga shi a 1983. Haƙƙin mai gida bai tsaya a kan ciniki ba. In baƙo ya kwanta ciwo, mai gida ne mai jinya, shi ne mai biya, in rai ya yi halinsa kuma shi ne mai likkafani.

A wancan zamani, tun daga tsakar gida ake tantance mara lafiya. Karaya ta maɗori ce. Ƙaho da cire beli na wanzami ne. Naƙuda ta ungozoma ce. Abin da ya shige wa kowa duhu, kamar yaron da ya sandare yana taune-taune, sai a nufi malam a karɓo rubutu da tofi, a turara masa hayaƙi, wani ma ya tura masa cokali a baki don kada ya ciji harshe. Ba na raina waɗannan mutane. Sun san aikinsu iyakar abin da zamaninsu ya ba su, kuma akwai maɗoran da hannunsu ya tayar da mutane da yawa. Matsalar ita ce asibiti shi ne zangon ƙarshe, sai an gwada komai an gaji. Maganar da ta fi yawa a bakin tsofaffi ita ce, "A bari a ga safiya." In mai gida ya yi tafiya, mace na iya kwana tana zubar da jini saboda babu wanda zai ce a fita da ita.

Tsoron asibiti yana da tushe. Tun farkon zuwansa ƙasar Togo, asibiti ya rarraba mutane, kuma da launin fata ya fara. Jamusawa sun buɗe asibitin Nachtigal a Aneho a 1894, daga baya suka gina na Sarauniya Charlotte a Lome, dukansu domin Turawa da farko, 'yan ƙasa kuma wurinsu daban. Sai a shekarun 1950, ƙarƙashin Faransawa, aka samu babban asibitin da ke kan tudun Tokoin, wanda ya zama asibitin koyarwa, aka kuma sa masa sunan shugaban ƙasa na farko, Sylvanus Olympio. Daga tsohon Zongo, wanda ke tsakiyar gari, tafiyar ba ta da nisa. A tsallaka tafki, a hau tudu, an isa.

A 1977 aka rushe tsohon Zongo, aka mai da mutanensa arewacin gari, wajen Agoe da Togblekope, kimanin kilomita 15 daga inda suka saba. Inda gidajenmu suke a da, manyan gine-ginen bankuna ne suka tsaya. An sha magana a kan abin da wannan ƙaura ta yi wa kasuwanci da dangantaka, amma ta taɓa lafiya ma. Tafiyar da ake yi da ƙafa ta koma neman mota da tsakar dare a kan hanyar Atakpame. Wanda ke da mota a unguwa ya san za a buga masa ƙofa, kuma ba ya cewa a'a. In damina ta yi nauyi kogin Zio ya cika, wasu lungunan ko mota ba ta shiga. Lokacin dogon yajin aikin da aka fara a Nuwamba 1992, wanda ya ɗauki watanni, zemijan, wato babur ɗin haya, ya cika gari, ya zama motar asibitin talaka: mai babur a gaba, mara lafiya a tsakiya, ɗan'uwa a baya ya rungume shi kada ya zame. Zemijan ya kai mutane da yawa asibiti a kan lokaci, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke cika sashen gaggawa da karaya da raunin kai.

A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mu a Zongo mun ɗanɗana dukansu. Na ukun ya fi ciwo, domin mutum ya riga ya yi iya nasa, ga shi a ƙofa, ga likita a bayan bango.

Yaya ƙofar take a waɗancan shekaru? Abin da zan faɗa halin asibitocin gwamnati ne a kusan duk yankinmu, daga Kwatano har Yamai. Akwai benci, akwai kati, akwai mai gadi. Wanda ya riga zuwa ya riga shiga, a ƙa'ida ke nan. A aikace kuwa abubuwa uku ke karya layi. Na farko sanayya. Kafin a fito daga gida ma an fara tambaya, "Wa muka sani a can?" Ɗan unguwa ɗaya da ke sanye da farar riga ya zama gatan gidaje ɗari. Na biyu murya. Mai ihu, ko mai dangi goma masu ihu, shi ido ke fara kai wa. Na uku kuɗi. Bayan taron Bamako na 1987, ƙasashen Afirka da yawa suka rungumi tsarin da mara lafiya ke biyan wani ɓangare na kuɗin magani domin cibiyoyin lafiya su riƙe kansu. Niyyar ita ce kada magani ya yanke. Sai kuma a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. Takardar magani ta riga maganin kansa: safar hannu, sirinji, ledar ƙarin ruwa, zaren ɗinki, duk sai ɗan rakiya ya ruga kantin magani ya sayo. A kan wannan kuma ga matsalar harshe. Tsohuwar da ba ta jin Faransanci, yaren Mina da take ji kuma na ciniki ne kawai, ba ta da kalmar da za ta ce ƙirjinta ya yi nauyi har zuwa hannun hagu.

Wanda wannan tsari ya fi cuta shi ne mai shiru. Na taɓa zama a bencin wani asibiti kusa da wata yarinya da surukarta. Tana goye da ɗa wanda ya kwana yana gudawa da amai. A gabansu akwai wani saurayi da ƙarfe ya yanke shi a hannu, jini ya ɓata masa riga, abokansa suna ta hayaniya, hankalin kowa na kansa. Yarinyar ta shafa ƙafar ɗanta ta ce, "Inna, jikinsa ya yi sanyi, ya ma yi barci." Tsohuwar ta ce, "Alhamdu lillahi, zazzaɓin ne ya sauka. Kar ki tashe shi, 'yar nan." Da ladabi suka zauna suna jiran a kira katinsu. Lokacin da aka kira, aka kwance goyon, ma'aikatan suka yi ta gudu, amma an makara. Saurayin ya koma gida da ɗinki a hannu. Babu mugu ko ɗaya a wannan ɗaki. Abin da aka rasa shi ne mutum guda mai horo, a bakin ƙofa, wanda aikinsa kawai ya ɗaga zanen goyo ya duba tun da suka shigo. Sanyin ƙafa da wannan barci alamu ne na yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, jininsa ya kasa zagayawa.

Dabarar sa irin wannan mutum a ƙofa daga fagen yaƙi ta fito. Dominique-Jean Larrey, babban likitan tiyata a rundunar Napoleon, ya ƙirƙiro kekunan doki masu sauri da ke kwaso masu rauni tun ana cikin faɗa, ya kuma kafa ƙa'idar cewa wanda rauninsa ya fi haɗari shi za a fara yi wa aiki, hafsa ne ko ƙaramin soja. A rundunar da komai ke bin muƙami, wannan babban juyi ne. Yaƙe-yaƙen duniya biyu suka inganta dabarar, daga bisani asibitocin farar hula suka ɗauka da cunkoso ya yi musu yawa. A shekarun 1990 aka tsara ta da ma'auni. Na birnin Manchester a Ingila yana da matakai biyar: ja a duba nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin minti 60, kore cikin minti 120, shuɗi cikin minti 240. Ostireliya da Kanada da Amurka kowace ta fito da nata mai matakai biyar. A Faransa, wadda yawancin likitocinmu suka gaji tsarinta, akwai ma'aikacin jinya na musamman mai tarbar marasa lafiya ya jera su bisa tsananin ciwo.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne wanda Afirka ta yi wa kanta. A Afirka ta Kudu, daga 2006, aka fara amfani da wani ma'auni da aka tsara domin asibitoci masu ƙarancin likitoci da yawan majinyata. Ma'aikacin jinya zai duba abubuwa bakwai: mutum da ƙafarsa ya shigo ko ɗauko shi aka yi, saurin numfashinsa, bugun zuciyarsa, awon jininsa, zafin jikinsa, yana cikin hayyacinsa ko a'a, da ko akwai rauni. Kowanne da makinsa, jimillar ta ba da launi. Akwai kuma alamun da ke ɗaga mutum sama ko da makinsa kaɗan ne, kamar ciwon ƙirji ko aman jini. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi, garin da 'yan'uwanmu na Zongo suke da yawa, ya ɗauki wannan ma'auni a sashensa na gaggawa. A Malawi kuma, a asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre, likitar yara Elizabeth Molyneux da abokan aikinta suka sake tsarin ƙofar yara, suka horar da ma'aikata su riƙa duba kowane yaro da zarar ya iso. Mutuwar yaran da aka kwantar ta sauka daga tsakanin kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari, ta koma tsakanin 6 zuwa 8. Tsari da horo ne suka yi mafi yawan wannan aiki. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin horo a kan wannan hanya domin asibitocin ƙasashe irin namu, a 2019 kuma babban taronta ya zartar da ƙudurin da ke kiran kowace ƙasa ta gina tsarin kulawar gaggawa.

Abin da ake dubawa a jikin yaro kowace uwa za ta iya koyonsa. Numfashi ya toshe ko yana ja da ƙyar? Leɓe da harshe sun yi shuɗi-shuɗi? Hannu ya yi sanyi, in an danna farce ya yi fari sai ya wuce daƙiƙa uku kafin jini ya dawo? Ya suma, ko yana jijjiga? Yana gudawa, ido ya faɗa, in an ja fatar ciki ba ta komawa da sauri? Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tsallake layi gaba ɗaya. Sai mataki na biyu, waɗanda za a kai gaban layi: jaririn da bai kai wata biyu ba, zazzaɓi mai zafi ƙwarai, tafin hannu fari fat, ƙuna, shan guba, kumburin ƙafafu biyu, mummunar rama. Ga manya kuwa, karkacewar baki da mutuwar ɓarin jiki, nauyin ƙirji da gumi, zubar jini ga mai ciki ko mai jego, ciwon kai mai tsanani da kumburi da dishi-dishin gani a ƙarshen ciki, duk ba su jiran safiya.

Lome ta yau ta sha bamban da ta 1977. Akwai asibitin koyarwa na biyu a harabar jami'a, akwai babban asibitin Kegue, a 2023 kuma aka buɗe Dogta-Lafie a nan Agoe, kusa da mu. Akwai ƙananan cibiyoyin lafiya a unguwanni. 'Yan kwana-kwana suna ɗaukar waɗanda suka yi haɗari in an kira lamba 118. Tun 2011 gwamnati ke tallafa wa tiyatar haihuwa, a 2021 aka ƙaddamar da shirin Wezou domin masu ciki da jarirai, a farkon 2024 kuma aka fara faɗaɗa inshorar lafiya zuwa ga sauran jama'a. Annobar korona ma, da ta shigo Togo a Maris 2020, ta koya mana wani abu: an keɓe asibitin Kegue domin masu cutar, kuma a kowace ƙofa mun saba da a tsayar da mu a auna zafin jiki, a yi tambaya, a ce wannan nan, wancan can. Alhaji da ɗan dako duk goshi ɗaya suka miƙa.

Duk da haka har yanzu ran mutanenmu na ɓaci in aka shiga da wani gabansu. Na sha jin dattijo yana cewa tun asuba yake zaune, sai ga yaro ƙarami an wuce da shi. Ina fahimtar wannan fushi, domin an daɗe ana tsallake mu saboda sanayya da kuɗi, har zuciya ta saba da zargi. Amma mu tuna yadda muke yi in gobara ta tashi a unguwa: babu mai tambayar gidan wa ya fi girma ko wa ya fara kira, inda wuta ke ci nan ake kai ruwa. In ma'aikacin jinya ya auna ka ya ce ka jira, ma'anarsa jikinka na iya jira, kuma wannan abin godiya ne. Haƙƙinka a kansa shi ne ya duba ka da zarar ka iso, ya gaya maka matakin da ya sa ka, ya kuma sake dubawa in jiran ya yi tsawo. In jiki ya canza kana kan benci, tashi ka faɗa. Launin da aka ba ka da safe ba hatimi ba ne.

Akwai halayenmu biyu masu kyau da ke zame mana cikas a wannan ƙofa: dauriya da kunya. An horar da 'ya mace kada a ji muryarta a haihuwar fari. An horar da namiji ya ce "da sauƙi" ko yana ganin lahira. Mai tantancewa yana aiki ne da abin da ya auna da abin da aka gaya masa, kuma mintinsa biyu ko uku ne. In mace ta ɓoye yawan jinin da ta zubar saboda surukinta na tsaye, ko aka ɓoye jiƙon da aka ɗura wa yaro don tsoron faɗa, an sa shi ya yi kuskure. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A faɗi yaushe ciwon ya fara, me aka sha, sau nawa aka yi amai, zani nawa jini ya jiƙa. Ɗan rakiya ya zama mai jin Faransanci ko Ewe, mace kuma a haɗa ta da macen da za ta iya magana a gabanta.

Dole kuma a faɗa wa hukuma gaskiya. Tantancewa ba ta warkar da kowa. In an ce mutum ja ne, alhali babu iskar oksijin, babu jini, babu gado, ko aka ce sai an biya kafin a taɓa shi, launin ya tashi a banza. Najeriya ta rubuta a dokar lafiyarta ta 2014 cewa kada a hana kowa kulawar gaggawa ko da wane dalili, ko da yake tsakanin doka da aiki akwai tafiya. Abin da ya dace kowane sashen gaggawa ya samu shi ne akwatin kayan ceton rai da ake buɗewa kafin a yi maganar kuɗi, da ma'aikaci mai horo a ƙofa dare da rana, da allo a bango mai bayyana tsarin cikin harsunan da mutane ke ji.

Namu aikin kuwa muna da kayan yinsa tun gadon kaka. Mai gidan da ke ɗaukar nauyin baƙonsa yana nan cikin jininmu, sai dai a ba shi sabuwar siffa. Kowane masallaci da kowace ƙungiyar 'yan kasuwa na iya ware asusun gaggawa da za a taɓa da tsakar dare ba tare da an jira taro ba. Samarinmu na iya zuwa cibiyar ƙarin jini ta ƙasa su bayar tun kafin a nema, maimakon a bi gida-gida ana roƙo lokacin da mai jego ke kan gado. Mazaje su ba da izini tun yau, a gaban shaidu, cewa in ciwo ya zo ba sa nan a fita da iyalinsu. Makarantun Islamiyya na matan aure su gayyato ma'aikaciyar jinya ta koyar da alamun haɗari, a kuma koya wa masu zemijan yadda ake danne jini da yadda ake ɗaga wanda ya bugu a wuya. Iyayenmu sun yi haƙuri da abin da ba su sani ba, Allah ya jiƙansu. Mu an sanar da mu, don haka nauyin yana wuyanmu.